Man Kwakwa: Abinci Ne Ko Magani?

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan da wuya a sami wani mai da ya sha yabo a bakin jama'a kamar man kwakwa. Masu tallar maganin gargajiya a gidajen rediyo, da masu baje koli a bakin kasuwa, da masu rubutu a kafafen sada zumunta na intanet, duk bakinsu ya zo ɗaya a kansa. Wai yana narkar da teɓa, yana saukar da suga, yana wanke jijiyoyin zuciya, yana ƙara kaifin ƙwaƙwalwa, kuma yana kashe ƙwayoyin cuta iri-iri. Abin har ya kai wasu suna shan cokali ɗaya ko biyu kowace safiya kafin su karya kumallo. A ɗaya gefen kuma akwai masu kushe shi. A shekarar 2018 wata farfesa mai suna Karin Michels ta yi lacca a Jami'ar Freiburg ta ƙasar Jamus, inda ta kira man kwakwa tsantsar guba, maganar da ta zagaya duniya cikin 'yan kwanaki.

To, ɗalibin da ya ji wannan ya ji wancan, ina zai sa kansa? Ra'ayina, wanda zan yi ƙoƙarin kafa wa hujja a wannan maƙala, shi ne: man kwakwa man shafawa ne na ƙwarai, kuma bincike ya shaidi haka, a tukunya kuwa mai ne mai nauyi da ya kamata a yi amfani da shi kaɗan-kaɗan, amma bai kai matsayin magani ba, kuma duk wanda ya ajiye maganin asibiti don ya dogara da shi, ya jefa rayuwarsa cikin haɗari.

Wace Kwakwa Ake Nufi?

Ya kamata mu fara da warware wani ruɗani na suna, domin Bahaushe yana kiran itatuwa biyu da kwakwa. Akwai kwakwar manja, wadda ake samun manja daga jan namanta, a kuma sami man alayyadi daga ƙwallonta. Akwai kuma babbar kwakwa mai ruwa a ciki da farin nama, wadda magabata ke kira kwakwar Attagara, sunan da shi kansa ya nuna baƙuwa ce da fatake ke kawowa daga kudu. Masana ilmin tsirrai suna kiranta Cocos nucifera, kuma man da ake tatsa daga farin namanta shi ne abin da muke magana a kai.

Itaciya ce ta gaɓar teku, mai son yashi da danshi da ruwan sama mai yawa. Ƙasashen Indonisiya da Filifin da Indiya su ne kan gaba wajen nomanta a duniya. A Nijeriya yankin Badagiri na Jihar Legas ya yi suna da ita, haka nan gaɓar tekun ƙasar Gana. Ana fitar da man ta hanya biyu. Ta farko ita ce a busar da naman a rana ko a kan hayaƙi, a matse shi a inji, sa'an nan a tace, a wanke, a cire masa wari. Ta biyu ita ce a markaɗa ɗanyen naman, a tatsi madararsa, a ware man ba tare da zafi mai yawa ba. Wannan na biyun shi ne mai ƙanshin kwakwa, shi ne kuma ya fi tsada, kuma shi masu talla suka fi kururutawa. Sai dai ta fuskar irin maiƙon da ke ciki, bambancin da ke tsakaninsu kaɗan ne ƙwarai.

Abin Da Ke Cikin Man

Kowane mai, na tsiro ne ko na dabba, an gina shi ne da wasu sinadarai masu kama da sarƙa, waɗanda ake kira asid na maiƙo. Kowace sarƙa jerin ƙwayoyin kabon ce, kuma kowane kabon yana riƙe da ƙwayoyin haidirojin. Idan sarƙar ta ɗauki iyakar haidirojin da za ta iya ɗauka, sai a ce ta ƙoshi, man kuma a kira shi ƙosasshen mai. Irin waɗannan sarƙoƙi miƙaƙƙu ne, suna kwanciya a jikin juna kamar karan da aka ɗaure dami, shi ya sa man yake saurin daskarewa. Sarƙar da ba ta ƙoshi ba kuwa tana da lanƙwasa, ba ta jeruwa da 'yan'uwanta, don haka man yake zama ruwa-ruwa.

Mai karatu zai iya ganin wannan da idonsa. Man kwakwa yana daskarewa ne idan zafi ya sauka ƙasa da digiri 24 a ma'aunin Salsiyas. A watannin bazara za ka same shi garau kamar ruwa, amma da sanyin safiyar hunturu sai ka tarar ya yi barci, ya koma fari fat, alhali man gyaɗa da ke kusa da shi yana nan yana zuba. Wannan barcin shaida ce ta yawan ƙosasshen mai.

Ga yadda lissafin yake. A cikin man kwakwa, ƙosasshen mai ya kai kashi 82 cikin 100, a wasu gwaje-gwajen ma ya haura haka. A maiƙon man shanu kashi 63 ne, a kitsen sa da manja wajen kashi 50, a man gyaɗa wajen kashi 17, a man zaitun da man riɗi kuwa wajen kashi 14. Wato ke nan man kwakwa ya fi man shanu da kitse kansu ƙoshi. Kusan rabin man wata sarƙa ce mai kabon 12 da ake kira asid lorik, sai mai kabon 14 da mai kabon 16 suka biyo baya. Ba shi da bitamin A irin wanda ake samu daga manja, kuma bitamin E ɗin da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba.

Man Kwakwa Da Zuciya

Sau da yawa akan ga an rubuta a jikin kwalba cewa man ba shi da kolastarol. Maganar gaskiya ce, amma ba ta bambanta shi da kowane man tsiro ba, domin kolastarol a jikin dabba ake samunsa. Mafi yawan kolastarol ɗin da ke jinin mutum hantarsa da sauran sassan jikinsa ne suke ƙera shi. Tambayar da ta dace ita ce: me man yake sa hanta ta yi?

Kolastarol ba ya narkewa cikin jini, saboda haka sai an ɗauke shi a cikin wasu ƙananan ƙunsuna. Nau'i biyu ne suka fi shahara. Wanda ake kira LDL shi ke kai kolastarol sassan jiki, kuma idan ya yi yawa sai ya riƙa maƙalewa a bangon jijiyoyin jini, shekara da shekaru, har hanya ta ƙuntata. Ranar da ta toshe a zuciya sai a sami bugun zuciya, idan kuma a ƙwaƙwalwa ce sai a sami shanyewar ɓarin jiki. Wanda ake kira HDL kuwa yana kwaso kolastarol ya mayar wa hanta. A jikin ƙwayoyin hanta akwai wasu kafofi masu kama LDL su janye shi daga jini. Masana biyu na Amurka, Michael Brown da Joseph Goldstein, su suka gano waɗannan kafofi, aka ba su lambar yabo ta Nobel a 1985. Ƙosasshen mai yana rage aikin kafofin nan, sai LDL ya taru a jini.

Shin man kwakwa ya fita daban daga wannan ƙa'ida? Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma an gwada. A shekarar 2020 masana daga Jami'ar Ƙasa ta Singafo suka tattara gwaje-gwaje 16 da aka yi a kan mutane, suka haɗa sakamakonsu. Suka tarar cewa, idan aka kwatanta da man tsirrai marasa ƙoshi irin su man waken soya da man zaitun, man kwakwa yana ɗaga LDL da kimanin miligiram 10 a kowace desilita ta jini, yana kuma ɗaga HDL da kimanin miligiram 4. Ba su ga ya rage ƙiba ko sukarin jini fiye da sauran man ba. Kafin nan, a 2017, Ƙungiyar Lafiyar Zuciya ta Amurka ta fitar da sanarwa tana shawartar jama'a da su kauce wa mayar da shi man girkinsu, saboda wannan dalili na ɗaga LDL.

Masu kare man sukan ce ai ya ɗaga HDL, wanda ake wa laƙabi da kolastarol mai kyau, don haka an yi kunnen doki. A da masana da yawa sun ɗauka haka ne. Amma an ƙera magunguna masu ɗaga HDL sosai, aka gwada su a kan dubban mutane, ba su kawo kariyar da aka zata ba. Ɗaya daga cikinsu ma dole aka dakatar da gwajinsa a 2006, saboda mace-mace sun fi yawa a cikin waɗanda suka sha shi. Saukar da LDL kuwa, ta hanyoyi daban-daban, an sha tabbatar da cewa yana rage bugun zuciya. Saboda haka ba za a ɗauki tashin HDL a matsayin diyyar tashin LDL ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙosasshen mai ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a yini. Ga ɗan lissafi da malamai za su iya yi da ɗalibai a allo. Wanda ke bukatar kalori 2,000 a yini, kashi 10 nasa kalori 200 ne. Kowane giram na mai yana ba da kalori 9, ke nan iyakarsa giram 22. Babban cokali ɗaya na man kwakwa yana ɗauke da giram 11 zuwa 12 na ƙosasshen mai, da kalori wajen 120. Wanda ya sha cokali biyu da safe, ya cinye rabonsa na yini gaba ɗaya tun bai taɓa ƙosai ko miyar rana ba, ya kuma ƙara wa cikinsa kalori 240, alhali wai rage ƙiba yake nema.

Hujjojin Masu Yabo

Adalci ya wajabta mu saurari ɗaya ɓangaren, domin ruwa ba ya tsami banza. Hujjoji biyar suka fi kawowa.

Ta farko tarihi ce. A ƙarshen shekarun 1980 an yi wa man kwakwa da manja yaƙin ɓatanci a Amurka. Ƙungiyar manoman waken soya ta ƙasar tana cikin masu yaƙin, haka kuma wani attajiri mai suna Phil Sokolof, wanda ya taɓa samun bugun zuciya, ya riƙa sayen shafuka sukutum a manyan jaridu a 1988 yana sukar kamfanonin abinci masu amfani da su. Kamfanoni da dama suka koma ga man tsirrai da aka daskarar da haidirojin a masana'anta. Ashe gudun gara aka yi aka faɗa gidan zago, domin wannan daskararren man ya fi kowane mai illa ga zuciya, har hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yanke hukuncin hana shi a 2015, hanin ya fara aiki a 2018. Wannan duk ya faru. Amma kasancewar abin da aka maye gurbinsa da shi ya fi shi muni bai wanke man kwakwa ba.

Ta biyu ita ce mutanen tsibiran Tekun Fasifik. A 1981 Dokta Ian Prior da abokan aikinsa suka wallafa bincike kan mazauna tsibiran Tokelau da Pukapuka. Mutanen Tokelau suna samun kashi 63 cikin 100 na ƙarfin abincinsu daga kwakwa, na Pukapuka kashi 34, amma ciwon zuciya bai yawaita a cikinsu ba. Sai dai a lura da abu biyu. Su kwakwar suke ci da namanta da madararta da tusarta, tare da kifi da 'ya'yan itatuwa, ga aikin ƙarfi, ga ƙarancin sukari a abincinsu. Sa'an nan binciken da kansa ya nuna kolastarol ɗin mutanen Tokelau, masu cin kwakwa da yawa, ya fi na Pukapuka. Ma'aikacin ofis a Kano ko Maraɗi, mai wuni a zaune, mai shan lemon kwalba, ba zai ari lafiyar masuncin Tokelau da cokalin mai ba.

Ta uku ita ce batun ƙona kitse. Akwai wasu gajerun sarƙoƙi masu kabon 8 da 10 waɗanda hanji ke turawa kai tsaye zuwa hanta, a ƙone su nan da nan. A 2003 wata mai bincike, Marie-Pierre St-Onge, ta nuna a Jami'ar McGill ta Kanada cewa man da aka haɗa da irin waɗannan sarƙoƙi yana ɗan ƙara ƙona kuzari a jiki. Masu talla suka ɗauki sakamakon suka liƙa wa man kwakwa. Alhali man da ta yi gwaji da shi na musamman ne da aka tace, kuma waɗannan gajerun sarƙoƙi ba su wuce kashi 15 cikin 100 na man kwakwa ba. Shi kuwa asid lorik, wanda ya fi yawa, mafi yawansa hanyar dogayen sarƙoƙi yake bi a jiki.

Ta huɗu ita ce wani gwaji da masanan Jami'ar Kambirij ta Ingila suka wallafa a 2018, inda mutum 91 suka ci giram 50 a kullum na man kwakwa ko man zaitun ko man shanu har mako 4. Man shanu ya ɗaga LDL, man kwakwa kuwa bai bambanta da man zaitun ba. Sakamako ne mai ban sha'awa, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Amma gwaji ɗaya ne, na mutane kaɗan, na wata guda. A ilmin kimiyya ba a yanke hukunci da shaida ɗaya idan shaidu masu yawa sun saɓa mata.

Ta biyar ita ce kashe ƙwayoyin cuta. Tun shekarun 1970 aka san asid lorik da wani sinadari da ke fitowa daga gare shi suna kashe wasu ƙwayoyin bakteriya a cikin faranti a ɗakin gwaje-gwaje. Ina so ɗalibai su riƙe wannan: faranti daban, jikin mutum daban. Sabulu ma yana kashe ƙwayoyin cuta a faranti, amma babu mai shan sa don maganin taifot. Abin da aka haɗiya sai ya bi ta ciki da hanji da hanta, a narka shi a sauya masa kama, kafin ɗan abin da ya rage ya isa inda cutar take. Haka batun cutar mantuwa ta tsufa yake: labarin ya bazu ne daga 2008, bayan wata likita a Amurka ta ba da labarin mijinta, amma babu wani babban gwaji da ya tabbatar da shi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Inda Ya Yi Rawar Gani

Idan aka zo ga fata, nan ne man kwakwa yake da abin faɗa. Saman fatar ɗan'adam kamar katanga ce: matattun ƙwayoyin halitta su ne tubalan, maiƙo kuma shi ne ƙasar da ta haɗa su. Idan iskar hunturu da sabulu mai kaifi suka kwashe maiƙon, ruwan jiki sai ya riƙa tsirarewa, fata ta bushe, ta yi kaushi, ƙafa ta yi faso. Man kwakwa yana cike waɗannan kafofi ya tare ruwan. Wani gwaji da aka yi a ƙasar Filifin a 2004 ya nuna bai gaza man shafawa da ake samu daga fetur ba wajen magance bushewar fata. A 2014, a can Filifin ɗin, an gwada shi a kan yara 117 masu cutar ƙaiƙayi da kumburin fata da likitoci ke kira ezima, har mako 8. Alamun cutar sun ragu da kashi 68 cikin 100 ga waɗanda aka shafa wa man kwakwa, da kashi 38 ga waɗanda aka shafa wa man fetur ɗin shafawa. Lokacin da ya fi dacewa a shafa shi ne bayan wanka, tun jiki da sauran danshi.

Gashi ma yana amfana. Saboda sarƙar asid lorik gajeruwa ce kuma miƙaƙƙiya, tana iya ratsa silin gashi ta shiga ciki. Wani bincike na ƙasar Indiya a 2003 ya nuna shafa shi kafin wanke kai yana rage zubewar furotin ɗin gashi, abin da ke rage karyewa wajen taza da kitso. Ya kamata a san cewa ma'aikatan wani kamfanin sayar da man ne suka yi binciken, ko da yake bayanin nasu ya dace da abin da aka sani game da sinadarin. Amma rage karyewar gashi daban, tsirar da gashi a kan mai sanƙo daban, kuma man ba ya yin na biyun.

Amfanin da ya fi burge ni shi ne na jarirai bakwaini, waɗanda fatarsu ba ta gama ƙwari ba, har ruwa da ɗumi suke fita ta cikinta, ƙwayoyin cuta kuma su shiga. A wani gwaji da aka wallafa a 2015 daga asibitin Jami'ar Aga Khan da ke Karachi a Fakistan, an bi jarirai bakwaini 258. Waɗanda aka riƙa shafa wa man kwakwa sun fi ƙara nauyi, kuma cutar jini ta fi ƙaranci a cikinsu. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana iya shafa wa irin waɗannan jarirai man tsiro kamar na kwakwa, amma ta bayyana cewa hujjar ba ta yi ƙarfi sosai ba tukuna. Wannan aiki ne da za a yi da sanin ma'aikatan lafiya, da mai mai tsabta da hannu mai tsabta.

Wuraren Hattara

Akwai wuraren da man kwakwa bai kamata ya je ba ko kusa.

Kada a ɗiga shi a hancin jariri, kada kuma a yi masa ɗure da shi. Mai yana iya sulalewa ya gangara huhu ba tare da ya tayar da tari ba, ya haifar da wani irin ciwon huhu mai wuyar magani. Likitoci sun ga haka a ƙasashen da ake da al'adar ɗura wa jarirai mai.

Kada a shafa shi a cibiyar jariri. Abin da hukumomin lafiya na Nijeriya suka amince da shi domin cibiya shi ne maganin kuloheksidin da ake bayarwa a asibiti.

Kada a zuba shi a kan sabuwar ƙuna, domin mai yana riƙe zafi a cikin nama. Abin yi shi ne a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, har minti 20, sa'an nan a nufi asibiti.

Matasa masu ƙurajen fuska su nisanta shi daga fuskarsu, domin yana toshe kafofin fata. Ba ya kare fata daga zafin rana, abin da ya kamata zabiya musamman su sani. Kurkure baki da shi, wanda wasu suka aro daga al'adar Indiya, ba ya maye gurbin asuwaki ko buroshi da man goge baki. Haka kuma mai kowane iri yana cinye robar da ake yin safar hannu ta asibiti da kororon roba da ita.

Sai batun ingancin man. Naman kwakwar da aka busar a wuri mai danshi yana yin fumfuna, kuma wasu nau'o'in fumfunar suna fitar da gubar afulatoksin mai lalata hanta, irin wadda manoman gyaɗa da masara suka sani. Tacewar masana'anta tana cire mafi yawanta, amma man da aka matse a gida daga ruɓaɓɓen nama ba shi da wannan kariya. Mai saye ya duba lambar rajistar hukumar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, ya kuma guji man da ya canza launi ko yake warin tsami. Wanda ba a tace ba yana fara hayaƙi a wajen digiri 177, don haka bai dace da doguwar suya ba.

Babban haɗarin da ya fi duk waɗannan shi ne na barin magani. Hawan jini da ciwon suga cututtuka ne masu aiki a ɓoye. Mutum zai iya ajiye ƙwayoyinsa ya koma shan man kwakwa, ya yi wata da watanni yana jin garau, yana ma ba wasu shaida, alhali ƙoda da ido da jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna lalacewa a hankali. Ranar da abin zai bayyana, mai tallar ya daɗe da naɗe tabarmarsa. Haka yake ga mai shan maganin ƙanjamau ko na tarin fuka: tsayar da magani yana ba ƙwayar cutar damar yin taurin kai, har maganin ya daina yi mata aiki.

Kammalawa

Ban yarda da wadda ta kira man kwakwa guba ba, domin miliyoyin mutane a Kerala da Siri Lanka da Filifin sun rayu a kansa tun kaka da kakanni, kuma ɗan abin da aka sa a shinkafa ko alawa don ƙanshi ba zai kashe kowa ba. Haka nan ban yarda da mai kiran sa maganin kowace cuta ba. Wurinsa a gidanmu shi ne kusa da man kaɗanya, domin fata da gashi. A tukunya kuwa, man gyaɗa da man riɗi da man waken soya da muke nomawa a gonakinmu sun fi shi sauƙi ga zuciya. Abin takaici ne magidanci ya bar na gida mai kyau, ya kashe kuɗin cefane a kan baƙon da bai kai shi ba.

Ga 'yan'uwana malamai, ina ba da shawarar a mayar da wannan batu darasi. A sa man kwakwa da man gyaɗa da manja a ƙananan kwalabe, a tsoma su cikin ruwan sanyi, ɗalibai su lura da wanda ya fara barci, su kuma bayyana dalili. Sa'an nan a kawo takardar tallar wani magani, a koya musu yin tambayoyi huɗu: A kan wa aka gwada, mutum ko ɓera ko faranti? Mutum nawa, kuma har tsawon wane lokaci? Da me aka kwatanta shi? Wa ya biya kuɗin binciken? Yau man kwakwa ake yayi, gobe wani abin ne zai fito, amma ɗalibin da ya iya waɗannan tambayoyi zai kare kansa, ya kare iyayensa da ƙannensa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.